Yadda Za Ka Haɗa Kantar Littattafan Amfani a Gida, Daga Gyaran Mota Har Tafiye-tafiye

Na taɓa sayen littafin gyaran Camry a wurin wani mai baza littattafai a bakin titi, ina ta murna na yi tsintuwa. Da na isa gida na buɗe bonet, na buɗe littafi, sai na ga hoton ciki daban, injin gabana daban. Ashe littafin a kan motocin 1997 zuwa 2001 ya tsaya, tawa kuwa ta 2002 ce. Shekara ɗaya tak, amma a tsakaninta kamfanin ya sake inji: tsohon mai lita 2.2 taimin ɗinsa na bel ne, sabon mai lita 2.4 na sarƙa ne. Na kwana biyu ina neman ranar da zan canza bel ɗin da babu shi a motata.

Tun daga nan na daina tambayar wane littafi ne mai kyau. Abin da nake tambaya shi ne: mai kyau ga wa, a wace ƙasa, a wace shekara? Jagorar nan a kan wannan tambayar ta ginu.

Mataki na farko: rubuta matsalolinka kafin ka shiga kasuwa

Ɗauki takarda ka rubuta abubuwa biyar ko shida da suka ci maka kuɗi ko suka hana ka barci a shekarar da ta wuce. Wani zai rubuta mota, zazzaɓin yara, kajin da suka mutu, batirin sola da ya lalace, lissafin shago da ya ƙi daidaituwa. Wani kuma tafiya ce ke gabansa. Wannan takardar ita ce jerin sayayyarka. Duk littafin da bai amsa ko ɗaya daga cikinsu ba, bar shi sai wani jiƙon, komai kyan bangonsa.

Daga nan ka raba kowane fanni gida biyu: littafin da ke koyar da tushe, da littafin da ake dubawa lokacin aiki. Wanda ya zauna a makarantar zaure ya san wannan tsari. Ba a fara wa ɗalibi da Muhtasar. Sai ya bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala tukuna. Haka karatun sana'a yake. Wanda bai san yadda inji ke shaƙar iska da mai ya ƙone su ba, littafin da ke lissafa ƙarfin ɗaurin kowane noti ba zai tsinana masa komai ba.

Mataki na biyu: littafin mota

A nan zan fi daɗewa, domin a nan aka fi asarar kuɗi.

Na tushe tukuna. Littafin V. A. W. Hillier mai suna Fundamentals of Motor Vehicle Technology ya daɗe a hannun ɗaliban kwalejojin fasaha. Ba ya magana a kan wata mota guda. Yana bayanin inji da kuloci da giya da birki da lagireto da sitiyari, kowanne da zanensa. Ko tsohon bugu ka samu, saya. Yadda fistin ke hawa da sauka bai sake ba.

Na aiki kuwa, sunaye biyu ne suka fi yawa a kasuwa: Haynes na Ingila da Chilton na Amurka. Abin da ya ɗaukaka Haynes tun shekarun 1960 shi ne yadda ake rubuta shi: a samo motar, a warware ta kaf, a sake haɗa ta, ana ɗaukar hoton kowane mataki. Shi ya sa za ka ga hoton hannun mutum riƙe da sifana a daidai wurin da naka zai shiga. A ƙarshen 2020 kamfanin ya sanar cewa sababbin littattafansa za su koma intanet, don haka in motarka sabon yayi ce, wataƙila a waya za ka karanta nata. Mafi yawan motocin da ke kan titunanmu kuwa, daga Golf da Corolla zuwa Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, nasu na takarda na nan.

Kafin ka biya, ga abin da za ka yi, bi da bi.

Nemo lambar jikin motarka, wadda makanikai ke kira lambar chasis. Haruffa da alƙaluma 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofa. In motar daga Amurka ta zo, harafi na goma shi ne shekararta: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A kuma 2010, B 2011, haka har gaba, amma ana tsallake I da O da Q da U da Z. Kada ka dogara da shekarar da dillali ya faɗa maka. Dillali, ai ka sani.

Sai ka nemo sunan injin. Yana jikin takardar da aka manna a cikin bonet, ko an buga shi a jikin injin kansa. Corolla ta Amurka daga 2003 zuwa 2008, alal misali, yawanci 1ZZ-FE take ɗauke da shi. Wannan matakin ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da ƙasar da aka rubuta littafin, domin motar da ta shekara goma a Najeriya ko Nijar mai yiwuwa an taɓa sauke mata inji an ɗora wani. Littafin injin da ke ciki kake nema, ba na sunan da ke rubuce a but ba.

Sannan ka duba daga ina motar ta fito. Suna ɗaya, amma ta Amurka da ta Turai sukan bambanta a inji da wayoyi. Haynes kansa yana da bugun Ingila da bugun Amurka. Hotunan bugun Ingila na motar da sitiyarinta ke dama ne, sai ka riƙa juya wasu abubuwan a ranka. Bugun Amurka kuma yakan ba da ƙarfin ɗauri da awon lb-ft. In sifanar awonka da Nm take aiki, ninka lambar da 1.356.

Da littafin ya shigo hannunka, kada ka fara daga shafin sauke giya. Babin farko, na sabis, shi ne rabin amfanin littafin: wane irin baƙin mai, lita nawa, bayan kilomita nawa, tazarar bakin fulogi, ruwan lagireto. Amma ka lura, jadawalin sabis yakan zo kashi biyu, na tuƙin yau da kullum da na yanayi mai tsanani, wato ƙura da zafi da cunkoso. Mu na biyun ne namu. Wanda ya ga matatar iska bayan hunturu ɗaya a Kano ko Damagaram ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Bayan wannan babin sai shafukan ƙarshe, inda zanen wayoyi yake. Ko kai ba ka iya karanta shi ba, kai wa mai gyaran wayarin. Sau da yawa abin da zai kwana yana yanke-yanke a kansa, fiyus ɗaya ne da zanen ya nuna.

In motarka ta Amurka ce daga 1996 zuwa sama, tana da soket ɗin OBD-II, wato inda ake jona na'urar gano matsalar mota, a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'urar karanta shi ba ta da tsada, tana haɗuwa da waya. Ita za ta ba ka lamba, littafi ya fassara: P0300 na nufin inji na tsallake wuta, P0171 iska ta rinjayi mai, P0420 kuma ya shafi matatar hayaƙin nan ta cikin salansa da makanikai ke kira indomi. Lambar tana nuna unguwar da matsala take, ba ta nuna gidan ba, don haka kada ka sayi kaya a kanta kaɗai.

Wata shawara ta zaman duniya: kada ka shiga gareji kana kaɗa littafi a fuskar bakanike. Mutumin da ya shekara ashirin a ƙarƙashin mota ya san abin da babu a takarda, kamar yadda takarda ta san awon da shi yake yi da ƙiyasi. Ka ce, "Oga, dubi abin da na gani a nan, yaya kake gani?" Za ka fi samun biyan buƙata. Ka haɗa da ɗan littafin dokokin hanya na hukumar kiyaye haɗurra, ka bar shi a cikin motar.

Mataki na uku: lafiya, inda tsohon bugu ke da haɗari

Littafi ɗaya nake ba kowane gida shawara a kai: Where There Is No Doctor na David Werner. Da Sifaniyanci aka fara buga shi a 1973 domin ƙauyukan Meziko, na Turanci ya fito a 1977, kuma akwai bugun da aka gyara domin Afirka. Harshensa mai sauƙi ne, zanensa ya isa mai ƙaramin Turanci. Yana koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari, da gane alamun da ke nuna yaro ya bushe, da lokacin da ya wajaba a bar komai a nufi asibiti. Ƙungiyar Hesperian da ke buga shi tana da 'yan uwansa, na ungozoma da na lafiyar mata da na haƙori, kuma tana sakin su a intanet.

Sai dai a nan dokar da na kafa a kan littafin Hillier ta juye. Buɗe shafin farko ka duba shekarar bugu. Tsofaffin bugu suna cewa a sha kulorokwin in zazzaɓin cizon sauro ya kama, alhali Najeriya ta bar shi ta koma magungunan haɗi da ake kira ACT tun wajajen 2005, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Saboda haka ka karanta littafin domin rigakafi da gane alamu da taimakon farko, amma adadin magani ka bar wa ma'aikacin lafiya.

Mataki na huɗu: noma da kiwo

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen ƙaton littafin noma na Turai ko Amurka. Jadawalin shukarsa na ƙasar da ke da ƙanƙara ne. Kai damina ɗaya gare ka, mai wata huɗu ko biyar, a arewa ma ba ta kai ba.

Fara da na gida. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya aikinta ke nan, wallafa ƙananan littattafan faɗakar da manoma, wasu ma da Hausa. Maƙwabciyarta IAR, cibiyar binciken noma ta Samaru, ita ke fitar da irin da za ka ga sunansa ya fara da SAM: SAMMAZ masara, SAMSORG dawa, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa. Takardar da ta gaya maka kwana nawa kowane iri ke yi kafin ya nuna ta fi maka kundi mai shafi dubu. Mai kiwo kuma ya nemi na NAPRI, cibiyar binciken dabbobi da ke Shika.

Daga waje, jerin Agrodok nake yabawa. Ƙungiyar Agromisa ta Holan ce ta shirya su domin ƙananan manoma na ƙasashe masu zafi, da Turanci da Faransanci, abin da zai yi wa 'yan uwa na Nijar da Kamaru da Cadi daɗi. Kowanne siriri ne, batu ɗaya: kiwon kaji, kiwon awaki, kiwon zuma, adana hatsi. Ka karanta na kaji kafin ka sayi 'yan tsaki, ba bayan sun fara mutuwa ba.

Mataki na biyar: lantarki da lissafin kasuwa

Waɗannan ba su buƙatar dogon zance. Wutarmu 230 ce a awon bolt, ta Amurka 120, kuma tsarin wayarin gidajen Najeriya na Ingila ya gada. Don haka littafin Ingila za ka nema, irin Electrical Installation Work na Brian Scaddan. Ka kula da launin waya: tsofaffin littattafai ja da baƙi suke nunawa, sababbi ruwan ƙasa da shuɗi, domin Ingila ta sauya daga 2004, kuma duka biyun za ka tarar a bangon gidajenmu.

Mai shago kuwa, kashin farko na Business Accounting na Frank Wood ya ishe shi, babukan farko ma kawai: shiga da fita, bashi, da raba riba daga uwar kuɗi. Littattafan nan masu alƙawarin arziki cikin kwana talatin, ni dai ban taɓa ganin wanda suka azurta ba in ban da marubutansu.

Mataki na shida: tafiye-tafiye

Littafin tafiya iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke sa mutum ya yi da-na-sani. Akwai jagorar matafiyi, mai gaya maka masauki da tasha da kuɗin mota. Akwai labarin tafiya, wanda wani ya je ya gani ya rubuta. Na farko kamar tumatir yake, na biyu kamar dabino.

Cikin jagorori, kamfanin Bradt ya fi kula da ƙasashenmu: yana da na Najeriya, da na Nijar da ya fito a 2006, da na Gana. Ka karanta su domin tarihin gari da taswirar unguwanni da abin da ya cancanci gani. Farashi da dokar kan iyaka da lafiyar hanya kuwa, kada ka yarda da takarda. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Babu jagorar da aka buga kafin nan da ta san da wannan. Labarin hanya na yau a tasha yake, a bakin direban da ya sauka jiya. Taswirar Michelin mai lamba 741, ta arewaci da yammacin Afirka, tana da amfanin da waya ba ta da shi: ba ta buƙatar caji, kuma tana shimfiɗa maka Kano da Agadas da Tamanrasset a fili ɗaya ka ga nisan da idonka.

Labaran tafiya su ne ɓangaren da na fi so a kantata. Fara da namu. A 1943 Abubakar Imam, yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Abin da ya gani shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi. Akwai kuma wanda ya riga shi da kusan shekara casa'in: Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda ya bi Bajamushen nan Heinrich Barth har Turai a 1855. Ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, wani ɗan mishan mai suna J. F. Schön ya rubuta, ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Daɗinsa shi ne a nan Bahaushe ne ke kallon Bature yana mamakin al'adunsa, ba akasin haka ba.

Shi Barth ɗin, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya bar mujalladi biyar da aka buga a 1857 da 1858. Ba sai ka karanta duka ba. Nemi inda ya shiga Agadas a 1850, da inda ya iso Kano a Fabrairun 1851 ya tsaya yana lissafa yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano ke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Mai Larabci kuma ya nemi Rihlar Ibn Battuta, wanda ya bar Tanja a 1325, ya zo Mali a 1352, ya bi ta Takadda a ƙasar Nijar ta yau. Littattafan Barth da Schön sun tsufa har haƙƙin mallakarsu ya faɗi, ana samun su kyauta a rumbun Internet Archive.

Mataki na bakwai: ƙamus

Ka lura yawancin abin da na lissafa da Turanci yake. Gaskiyar lamarin ke nan, littattafan sana'a da Hausa ba su da yawa. Saboda haka ƙamus ba ado ba ne a wannan kanta, shi ne mabuɗinta. Na Turanci zuwa Hausa, nemi na Roxana Ma Newman na 1990. Na Hausa zalla, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Na Bargery na 1934 yana intanet, kuma ya fi kowa tara tsofaffin kalmomin noma da saƙa da ƙira.

Ga wata dabara da ta yi mini amfani: duk sunan kayan mota da ka ci karo da shi a littafi, nuna wa bakanike hoton, ka tambaye shi yadda ake kiransa a kasuwar kayan gyara, ka rubuta da fensir a gefen shafin. Sunan littafi da sunan kasuwa sau da yawa ba sa haɗuwa, kuma da na kasuwa za ka yi ciniki.

Mataki na takwas: saye da adanawa

Littattafan Hausa na da, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ne ya buga mafi yawansu, kuma shagunan littattafan makaranta sukan ajiye su. Na Larabci, a Kano, kasuwar Kurmi. Na sana'a kuwa, shagunan da ke kusa da jami'a ko kwalejin fasaha, da masu sayar da na hannu. Kafin ka saya, in da hali, leƙa ɗakin karatu na jiha ko na makaranta ka ga littafin da idonka.

Na jabu sun cika kasuwa. A littafin labari illarsa ga marubuci take. A littafin gyara har kai za ta shafa, domin hotunan sukan fito baƙi ƙirin, zanen wayoyi ya dusashe, wani lokacin a tsallake shafuka. Buɗe tsakiya ka duba hoto ɗaya, ka bi lambobin shafi ashirin a jere, ka ɗan ja bangon ka ji ko manne yake da kyau. Na waya kuma, sauke shi gaba ɗaya ya zauna a cikinta, domin ranar da mota za ta mutu maka a daji ba lallai a sami sabis ba. Shafukan da ka fi buƙata, kamar jadawalin sabis da taswirar fiyus, buga su a takarda ka sa a leda ka ajiye cikin motar, ka bar uwar littafin a gida kada baƙin mai ya cinye ta.

A gida, abokan gaba huɗu ne: gara, ɓera, laima da ƙura. Kada kanta ta jingina da bango, kada littafi ya taɓa ƙasa. Adakar ƙarfe a kan bulo biyu ta fi kabad ɗin katako da ke manne da bangon ƙasa. Busasshen ganyen darbejiya a cikin adakar yana rage ƙwari, a riƙa sabunta shi. In damina ta ɗauke, fito da su gaba ɗaya ka karkaɗe, ka shanya a inuwa, ba a rana ba, don rana na busar da gam ɗin bango ya ɓare.

Saura aro. Hana aro rowa ce, bayarwa ba rubutu kuma kyauta ce. Sami ƙaramin littafin rubutu ka rataye a jikin kantar: sunan littafi, sunan mai aro, ranar da ya ɗauka, ranar da zai dawo da shi. Rubuta sunanka a shafin farko da kuma wani shafi na tsakiya da kai kaɗai ka sani. Littafin lafiya da na motar da kake hawa kuwa ba sa fita. Mai buƙata ya zo zaure ya karanta, ko ya ɗauki hoton shafin da yake so da wayarsa.